Albashi da Fansho a Hannun Kamfani Ɗaya: Abin da Ya Sami Ma'aikatan Enron

A ranar 2 ga Disamba, 2001, kamfanin makamashi na Enron, mai hedikwata a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ya garzaya kotu ya bayyana cewa ya karye. Kafin waccan rana Amurka ba ta taɓa ganin kamfani mai girmansa ya durƙushe ba. Nan take aka sallami ma'aikata kusan 4,000. Abin da duniya ta fi riƙewa daga labarin shi ne maguɗin lissafi da manyan da aka gurfanar gaban alƙali. Amma akwai wasu mutanen da ba su saci ko sisi ba, ba su sa hannu a takardar ƙarya ba, kuma su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu: ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna yankar wani abu daga albashinsu suna tarawa domin ranar ritaya. Abin da suka rasa a asusun nan ya haura dala biliyan ɗaya.

Waɗannan mutane ba malalata ba ne, ba kuma almubazzarai ba. Sun yi abin da kullum ake yi wa ma'aikaci nasiha ya yi, wato ya fara tanadi da wuri, kuma kada ya taɓa abin da ya tara. Inda aka samu matsala shi ne wurin da tanadin ya zauna.

Yadda asusun yake

Fanshon ma'aikaci iri biyu ne a mafi yawan ƙasashe. Akwai wanda mai ɗaukar aiki yake alƙawarin biyan wani adadi duk wata bayan ritaya, gwargwadon albashi da shekarun aiki. A irin wannan, idan jari ya faɗi, ciwon kan na kamfani ne. Akwai kuma wanda ma'aikaci yake zuba wani kaso na albashinsa a asusu mai sunansa, kamfani ya ƙara masa wani abu, a juya kuɗin a kasuwa, abin da ya tarar a ciki ranar ritaya shi ne rabonsa. A nan riba tasa ce, asara ma tasa ce. A Amurka ana kiran wannan na biyun 401(k), sunan da ya samo daga wani sashe na dokar haraji da aka shigar a 1978. Hukumar gwamnatin tarayya da ke tsaya wa fanshon ma'aikata idan kamfani ya karye tana rufe nau'in farko ne kawai. Na biyun ba shi da wannan inuwa.

A tsarin Enron, idan ma'aikaci ya zuba dala ɗaya, kamfani yana ƙara masa rabin dala, har zuwa kashi 6 cikin 100 na albashinsa. Sai dai ƙarin ba da tsabar kuɗi yake zuwa ba, da hannun jarin Enron yake zuwa, kuma ma'aikaci ba shi da ikon sayar da wannan kason sai ya cika shekara 50. Kuɗin da ya zuba da hannunsa kuwa yana da 'yancin ya kai su inda ya ga dama cikin zaɓuɓɓuka da dama da asusun ya tanada, har da waɗanda suke rarraba kuɗi a kan ɗaruruwan kamfanoni.

A ƙarshen shekarar 2000, asusun yana ɗauke da kimanin dala biliyan 2.1. Kashi 62 cikin 100 na wannan dukiya, wato kusan dala biliyan 1.3, hannun jarin Enron ne. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mafi yawan wannan kaso ba daga ƙarin kamfanin da aka ɗaure ya fito ba. Ma'aikatan ne da kansu suka zaɓi su sayi hannun jarin kamfaninsu da kuɗin guminsu.

Me ya kai su?

Ba na son a yi gaggawar ɗora musu laifi, domin duk wanda ya tsaya a inda suka tsaya zai ga abin da suka gani. An kafa Enron a 1985 bayan haɗewar kamfanonin bututun iskar gas guda biyu, Houston Natural Gas da InterNorth, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Lay. Cikin shekara goma sha biyar ya tashi daga mai jigilar gas ya koma babban ɗan kasuwar makamashi, yana saye da sayar da wutar lantarki da gas da kwangiloli iri-iri. Mujallar Fortune ta naɗa shi kamfanin da ya fi kowane ƙirƙira a Amurka shekara shida a jere. A 2000 ya ba da rahoton cinikin da ya zarce dala biliyan 100, aka sa shi na bakwai a jerin manyan kamfanonin ƙasar. Farashin hannun jarinsa ya ƙaru da kashi 56 cikin 100 a 1999, ya sake ƙaruwa da kashi 87 a 2000, shekarar da kasuwa gaba ɗaya ta ja baya. A watan Agustan 2000 ya taɓa dala 90.

Ka ɗauka kai ne ma'aikacin. Duk wata takardar asusunka tana zuwa, ka ga kason Enron ya yi tsalle, sauran kuwa suna rarrafe. Abokin aikinka da ya zuba komai nasa a ciki ya ninka ka. Kamfanin da kansa da hannun jarinsa yake ba ka ƙari, wanda a zuciyar ma'aikaci tamkar shaida ce cewa nan ne wurin ajiya. Ga kuma abin da ya fi duka ƙarfi, wato jin cewa ka san gidan. Kullum kana shiga ginin, kana ganin ana aiki, ka san shugabanninka da fuska. Kamfanonin da ke cikin sauran zaɓuɓɓukan kuwa sunayensu kawai ka sani.

Wannan sanin shi ne tarkon. Injiniyan da ke kula da bututu ya san bututu. Ba ya ganin abin da ake rubutawa a ofishin kuɗi. Enron ya kasance yana lissafa ribar da yake hasashen samu daga kwangilar shekaru masu yawa tun ranar da aka sa hannu, kamar ta riga ta shigo. Babban jami'in kuɗinsa, Andrew Fastow, ya kakkafa wasu kamfanonin takarda da aka riƙa ɓoye bashi da asara a cikinsu, don kada su bayyana a littafin Enron. Ma'aikacin da ya shekara ashirin a kamfanin bai fi baƙo sanin wannan ba.

Akwai wani rukuni da labarinsu ya fi taɓa zuciya. A 1997 Enron ya sayi Portland General Electric, tsohon kamfanin wutar lantarki a jihar Oregon. Masu gyaran layin wuta da sauran ma'aikatansa da suka tara hannun jarin kamfaninsu, kamfani mai tafiyar hawainiya da ba a san shi da kasada ba, sai suka wayi gari jarinsu ya rikiɗe ya koma na Enron. Ba su canja wurin aiki ba, ba su canja ɗabi'ar tanadi ba, amma haɗarin da ke kan dukiyarsu ya canja gaba ɗaya.

Wata huɗu

A ranar 14 ga Agusta, 2001, Jeffrey Skilling ya ajiye muƙamin shugaban kamfanin bayan wata shida kacal a kai, Lay ya koma kujerar. A cikin watan ne wata babbar ma'aikaciya, Sherron Watkins, ta rubuta wa Lay takarda tana gargaɗin cewa badaƙalar lissafi za ta iya rusa kamfanin. Farashi ya riga ya sauko ƙasa da rabin ƙololuwarsa. A ƙarshen Satumba Lay ya tattauna da ma'aikata ta intanet, ya shaida musu cewa hannun jarin ya yi araha matuƙa a wannan farashi, ya ƙarfafa musu gwiwa. A cikin wannan shekarar shi kuwa yana mayar wa kamfanin hannun jarinsa na miliyoyin daloli yana biyan bashin da ya ci.

Ranar 16 ga Oktoba kamfanin ya sanar da asarar dala miliyan 618 a wata uku, da kuma zaftare dala biliyan 1.2 daga dukiyar masu hannun jari. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta fara bincike, aka sauke Fastow. Ranar 8 ga Nuwamba Enron ya amsa cewa ribar da ya ba da rahoto tun daga 1997 an kumbura ta da kusan dala miliyan 600. Kamfanin makamashi na Dynegy ya yi niyyar sayen Enron, ya duba ciki, ya janye ranar 28 ga Nuwamba. A ranar farashi ya faɗi ƙasa da dala ɗaya.

Ana tsakiyar wannan rikici sai aka kulle asusun ma'aikata. Dalili shi ne an canja kamfanin da ke riƙe da bayanan asusun, kuma an tsara hakan tun kafin guguwar ta taso. Daga ƙarshen Oktoba zuwa wajen tsakiyar Nuwamba, kusan mako biyu, ba mai iya sayar da komai a asusunsa. Farashi ya zame daga kusan dala 15 zuwa ƙasa da dala 10 suna kallo. Ci gaba da kullen a irin wannan lokaci zalunci ne, kuma waɗanda aka damƙa wa amanar asusun ya kamata su ɗage shi. Sai dai gaskiya ɗaya ce: kullen ba shi ne ya cinye dukiyar ba. Daga dala 90 zuwa 15, fiye da kashi 80 cikin 100 na darajar ya riga ya tafi a lokacin da ƙofa take buɗe. Mutane ba su sayar ba saboda suna jiran farashi ya dawo, saboda shugaba ya ce musu araha ce, saboda kuma sayarwa a dala 40 abin da ka gani a dala 90 yana da ɗaci ƙwarai. Ko da aka buɗe asusun, da yawa sun ci gaba da riƙewa.

Lissafin

Bari mu ɗauki misalin ma'aikata biyu don a ga bambancin, kowannensu da dala 300,000 a asusunsa a tsakiyar 2000. Na farko yana kan matsakaicin abin da aka gani a asusun, kashi 62 a Enron, wato dala 186,000, sauran 114,000 a asusun da ke bin manyan kamfanoni 500 na Amurka. Na biyu ya tsayar da kason Enron a kashi 10, wato dala 30,000, sauran 270,000 a wancan faffaɗan asusun.

Shekarun ba su yi wa kowa daɗi ba. Daga Maris 2000 zuwa Oktoba 2002 ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin waɗannan manyan kamfanoni 500, ya faɗi da kusan rabi. Saboda haka a Oktoban 2002 na biyun ma yana cikin ƙunci, dukiyarsa ta koma wajen dala 140,000. Na farko yana da abin da bai kai 60,000 ba. Amma a 2007 ma'aunin ya koma inda yake a 2000. Na biyu ya sake ganin 270,000 ɗinsa, ko bai ƙara ko kwabo ba. Na farko ya tsaya a 114,000, domin kason da ya tafi da Enron ba shi da hanyar dawowa.

A nan ne zuciyar lamarin take. Faɗuwar kasuwa gaba ɗaya da mutuwar kamfani ɗaya ba abu ɗaya ba ne, ko da a takarda dukansu asara ce. Kasuwa mai ɗaruruwan kamfanoni tana faɗuwa ta tashi, domin idan wasu sun mutu wasu suna girma su cike gurbin. Haƙuri yana da amfani a wurinta. Kamfani ɗaya idan ya kai sifili, haƙurin shekara hamsin ba zai motsa shi ba. Shawarar nan da ake ba mai jarin dogon zango, cewa kada ya firgita ya sayar idan farashi ya faɗi, shawara ce mai kyau ga wanda ya rarraba dukiyarsa. Ga wanda ya tara ta wuri ɗaya kuwa, ita ce ta hana shi tsira.

Wanda ya rasa kashi 62 na dukiyarsa yana buƙatar abin da ya rage ya ƙaru da kashi 163 kafin ya koma inda yake. Ko da jari yana haɓaka da kashi 7 duk shekara ba fashi, sai ya jira fiye da shekara goma sha huɗu. Ɗan shekara 30 zai iya, tunda ma yawancin albashin rayuwarsa yana gaba. Ɗan shekara 58 ba shi da wannan lokacin. Kuma abin takaici, mafi yawan dukiyar da ke cikin irin wannan asusu tana hannun waɗanda suka fi daɗewa, waɗanda suka fi kusa da ritaya.

Sannan ga abin da lissafin bai nuna ba. Ranar da hannun jarin ya zama takarda, a ranar albashin ya tsaya, inshorar lafiyar da ke tafe da aikin ita ma ta kama hanyar yankewa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Amfanin tanadi shi ne ya tsaya maka ranar da aiki ya kuɓuce. Tanadin da ke faɗuwa rana ɗaya da aikin bai yi aikin da aka tara shi dominsa ba. Ma'aikaci tun kafin ya sayi hannun jari ko ɗaya ya riga ya zuba babban jarinsa a kamfanin, wato ƙarfinsa da ƙwarewarsa da albashin shekarun da ke gabansa. Shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya ƙara ɗora ajiyarsa a kan wannan.

Da sun iya ganowa?

Ina ganin wannan tambayar tana ɓatar da mutane. Kamfanin Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin binciken kuɗi biyar na duniya a lokacin, shi ne yake sa hannu a littafin Enron. Mafi yawan masu sharhin hannun jari na manyan bankuna suna cewa a saya har cikin Oktoba. Kamfanonin da ke auna ƙarfin biyan bashi ba su sauke Enron daga sahun amintattu ba sai kwana huɗu kafin ya karye. Idan waɗannan ba su gani ba, ko sun gani sun kawar da kai, ba adalci ba ne a ce mai gyaran layin wuta ya gani.

Abin da zai cece shi ba ya buƙatar ya gano komai. Iyaka ce kawai da zai sa wa kansa tun ana zaman lafiya: kason kamfani ɗaya, kowane ne, ba zai wuce kaza ba. Masu ba da shawarar kuɗi galibi suna ambaton kashi 5 zuwa 10. Idan farashi ya hau har kason ya zarce iyakar, sai a sayar da rarar a kai wani wurin, sau ɗaya a shekara ya isa. Idan ƙarin da kamfani ya bayar a ɗaure yake, sai kuɗin da mutum yake zubawa da kansa ya tafi wani wuri dabam gaba ɗaya, kuma ranar da aka kwance ɗaurin a rage shi. Irin wannan ƙa'ida tana da zafi a shekarun da farashi ke hawa. Wanda ya bi ta a 1999 ya ga abokansa sun wuce shi, wataƙila har an yi masa dariya. Wannan zafin shi ne kuɗin da ake biya, kuma dole a faɗe shi a fili, domin akwai kamfanonin da ma'aikatansu suka riƙe suka yi arziki. Sai dai ba wanda ya san tun farko wane ne zai zama wane. Wani binciken da Hendrik Bessembinder na Jami'ar Jihar Arizona ya wallafa a 2018 ya bi hannayen jarin Amurka daga 1926 zuwa 2016, ya gano cewa fiye da rabinsu, a tsawon rayuwarsu, ba su kawo abin da takardun bashin gwamnati na gajeren zango suka kawo ba, kuma kusan kashi 4 cikin 100 na kamfanonin ne suka samar da duk rarar arzikin da kasuwar ta haifar. Mai riƙe da kasuwa gaba ɗaya yana da tabbacin waɗannan 'yan kaɗan suna cikin abin da ya riƙe. Mai riƙe da ɗaya fata kawai yake yi.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne, doka ta riga ta san wannan. Dokar fansho ta Amurka ta 1974 ta hana asusun nau'in farko, wanda ƙwararru suke juyawa, zuba fiye da kashi 10 cikin 100 a hannun jarin kamfanin da ya kafa shi. An ɗaure hannun ƙwararru don kare ma'aikaci, amma a asusun da ma'aikacin yake juyawa da kansa, ba tare da horo ba, an bar ƙofa a buɗe har kashi ɗari.

Abin da ya biyo baya

An samu Arthur Andersen da laifin kawo cikas ga shari'a a 2002 saboda lalata takardu. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma kamfanin ya riga ya watse. Fastow ya amsa laifi aka ɗaure shi shekara shida. A watan Mayun 2006 aka samu Lay da Skilling da laifi. Lay ya rasu a Yulin shekarar kafin a yanke masa hukunci. An yanke wa Skilling shekara 24, daga baya aka rage zuwa 14, ya fito a 2019.

Ma'aikatan sun kai ƙara. A 2004 aka cimma wani sulhu na dala miliyan 85 domin mutane fiye da 20,000, wanda in an raba bai wuce 'yan dubban daloli ga kowane mutum ba. An samu wasu biyan daga baya, amma ba su kusanci abin da ya salwanta ba. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi idan kamfani ya karye, sai masu bin bashi sun gama ɗiba.

Majalisar dokokin Amurka ta yi gyara sau biyu. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta a sanar da ma'aikata kwana 30 kafin a kulle asusunsu, ta kuma hana shugabannin kamfani cinikin hannun jarinsu a lokacin da aka kulle na ma'aikata. Dokar Kare Fansho ta 2006 ta ba ma'aikaci 'yancin sayar da hannun jarin kamfaninsa da ya saya da kuɗinsa a kowane lokaci, da wanda kamfani ya ƙara masa bayan shekara uku yana aiki. An kawo shawarar a sa iyaka a kan yawan abin da ma'aikaci zai iya riƙewa, amma ba ta samu shiga ba. An kwance ɗaurin, an bar zaɓin a hannun mutum.

Shekara biyu bayan wannan doka, a watan Maris na 2008, bankin Bear Stearns ya durƙushe cikin 'yan kwanaki. Ma'aikatansa ne suke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa, kuma mutane ne da sana'arsu ita ce juya kuɗi. Hannun jarin da ya kai kusan dala 170 a farkon 2007, JPMorgan Chase ya fara taya shi dala 2, aka ƙare a dala 10.